Dala ko Goron Dutse: Wanne Za Ka Hau Don Ganin Fitowar Rana a Kano?

Ɗan yayata da ke karatu a Zariya ya zo mana hutu. Wani dare bayan sallar isha'i ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, ina so in ga fitowar rana daga saman dutse kafin in koma makaranta. Dala zan hau ko Goron Dutse?" Na ce ya gyara zama a kan tabarma, don amsar ba ta tsaye ba ce. Na hau kowannensu da asuba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Tsakaninsu tafiyar ƙafa ce da ba ta wuce ta rabin awa ba, amma abin da kowanne yake nuna wa mutum daban ne, kuma wanda ya zaɓa da ka yana iya saukowa yana cewa bai ga abin da ake zuzutawa ba.

Bari a fara kawar da maganar tsayi, domin ita ta fi ruɗa mutane. Za ka ji ana cewa Dala mita 534 ne, Goron Dutse kuma mita 517. Haka ne, amma awon daga doron teku aka yi shi, ba daga gindin dutse ba. Birnin Kano kansa yana zaune ne a sama da mita 470, saboda haka abin da ƙafarka za ta hau bai kai mita saba'in ba. Bambancin mita 17 da ke tsakanin duwatsun biyu kuwa, ido ba ya ma gane shi. Abin da ya ba su daraja shi ne shimfiɗar ƙasar Kano. Inda babu tudu, ɗan tudu sarki ne: da ka ɗaga sama kaɗan sai gari ya buɗe maka har inda ganinka ya ƙare. Duka biyun marmara ce ja, mai faɗin kai, ba irin santsin duwatsun da ake gani a hanyar Jos ko Dutse ba. Don haka kada tsayi ya zama ma'auninka.

Wajen hawa, Dala ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yana da matakalar siminti daga ƙasa har sama, wadda aka fi cewa taki 101 ce. Mai ƙarfi a jika yana gamawa cikin minti biyar zuwa goma, dattijo kuma idan ya tsaya ya huta sau biyu ko uku, kwata ɗin awa ya ishe shi. Sai dai takun ba ɗaya suke ba, wasu sun fi wasu tsawo, wasu bakinsu ya gutsure, kuma da duku-duku ido ba ya bambance su. Ka riƙe fitila a hannu, ka haska gabanka, kada ka dogara da hasken da ke tasowa daga gidaje. Goron Dutse kuwa, hanyar da na saba bi gangare ce mai tsakuwa da burji. Hawan ba ya ba da wahala sosai, saukowar ce ke neman ƙafa, don tsakuwar marmara tana mirginawa a ƙarƙashin tafin takalmi. Wanda ya sa silifas ko takalmin fata mai sulɓi zai gane kurensa. Idan an kwana ana ruwa, jar ƙasar nan takan jiƙe ta yi taɓo, sai a bi a hankali.

To amma ba don hawan ake tashi da assalatu ba. Don gabas ake tashi, kuma a nan ne ainihin bambancin yake.

Goron Dutse yana yammacin tsohon birni, wajen Ƙofar Kansakali. Dala yana gabas da shi, ya ɗan karkata arewa. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya tsaya a kan Goron Dutse ya fuskanci gabas, birnin gaba ɗaya yana gabansa, tsakaninsa da rana. Dala yana hannunsa na hagu, masallacin Sarki da hasumiyoyinsa biyu suna can gaba ta dama, unguwannin cikin gari suna kwance a tsakani. Lokacin da alfijir ya fara ja, kafin a ga rana, Dala yakan fito baƙi ƙirin a jikin sararin sama, kamar an kifa akushi a kan faifai. Daga nan sai haske ya fara bin rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya yana matsowa wajenka. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba, kuma sai da na tsaya a wurin nan da asuba na fahimci abin da fatake suke gani daga nesa har suka yi wannan magana. Wanda yake kan Dala ba ya ganin Dala. Kullum ina gaya wa masu neman hoto haka: idan siffar dutsen kake so da rana tana ɓullowa a bayan birni, Goron Dutse ne wurinka.

Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, wato rana ba a wuri ɗaya take fitowa duk shekara ba. A watan Maris da na Satumba takan fito daga gabas sak. Daga nan sai ta riƙa gusawa. Wajen ƙarshen Yuni tana can arewa maso gabas, wajen ƙarshen Disamba kuma ta koma kudu maso gabas. Ga mai tsayuwa a Goron Dutse, wannan na nufin a farkon damina rana tana fitowa ta ɓangaren da Dala yake, da sanyi kuma ta koma ta ɓangaren masallacin Sarki. Manoma da masu duban alƙibla sun daɗe da sanin wannan, mu 'yan birni ne gine-gine suka tare mana.

A kan Dala labarin ya sha bamban. Nan ba hangen birni kake yi ba, a tsakiyarsa kake. Gidaje sun kewaye dutsen ta kowace fuska, sun matso har gindinsa. Kana leƙawa ƙasa za ka ga tsakar gidajen mutane, da igiyar shanya, da akuya a ɗaure a turke, da hayaƙin murhu yana tashi daga inda mai ƙosai ta ɗora kasko. A nan ya kamata mai hawa ya kama idonsa da kyamararsa, don cikin gidan mutane ba abin kallo ba ne, kuma mazauna wurin suna da haƙƙi a kanmu. Idan ka ɗaga kai kuwa, gabas ta ba ka Fagge da Sabon Gari da dogayen benayen bayan ganuwa. Arewa maso gabas filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ne, wani lokaci ka ga jirgin safe ya ɗaga, rana ta riga ta haska cikinsa alhali kai kana cikin inuwa. Kudu maso gabas akwai kasuwar Kurmi, da bayanta Gidan Rumfa da koren ƙubbar masallaci. Ka juya baya, ga Goron Dutse can da ƙarafunan sadarwa a kansa, hasken farko ya sauka a jikinsa ya mai da shi ja kamar garwashi.

Abin da Dala ya fi Goron Dutse da shi, a wurina, kunne ne ke jin sa kafin ido. Idan ka isa sama da wuri za ka tarar da ragowar karatun sallar asuba yana tasowa daga masallatai ta ko'ina, wani limamin yana sallama wani yana ruku'u. Bayan an idar sai wazifa da azkar su ɗauka a lasifika. Can kuma sai muryoyin almajirai daga makarantun allo, kowa da inda yake biyawa, sun haɗu sun zama amo ɗaya. Zakara ya yi cara a nan, wani ya amsa masa daga Yalwa. Sai ƙarar jarkokin 'yan garuwa a cikin kura, sai adaidaita sahu na farko ya tayar da inji a bakin titi. Duk wannan yana zuwa maka a fili saboda gidajen suna kusa. A Goron Dutse ma ana ji, amma daga ɗan nesa, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta.

Sannan ga nauyin wurin da ƙafarka take takawa. Masu binciken kayan tarihi sun gano cewa ana narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ƙarfen da ke cikin marmarar nan ne ya fara tara maƙera da mafarauta a wurin. Tarihin Kano ya ce a kan dutsen nan Barbushe ya zauna, shi ne jagoran masu bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Jikansa Gijimasu ne ya fara gina ganuwa. A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali, Musulunci ya shiga fada. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. Daga saman Dala duk wannan jerin a gabanka yake: kana tsaye inda aka fara, kana kallon inda gari ya miƙa. A 1851 Bajamushen nan Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, a kan dutsen nan ya zauna ya zana birnin, da gidajen ƙasa da itatuwan dabino. Idan ka taɓa ganin zanen, ka hau ka kwatanta da tekun kwanon rufi na yau. Ni dai duk lokacin da na ji kiran "Assalatu khairun minan naum" yana tasowa zuwa inda a da ake tsafi, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Goron Dutse ba shi da irin wannan labari a bakin jama'a, duk da cewa kirarin gari tare yake ambatonsu, Kano mai Dala da Goron Dutse. Nasa tarihin na aiki ne. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kawo wa Kano ruwan famfo daga kogin Challawa, aka yi matarar ruwa a kan dutsen domin ruwa ya riƙa gangarowa cikin gari da nauyin kansa. Daga baya ƙarafunan sadarwa suka biyo. Wannan ya sa saman Goron Dutse ba filin shaƙatawa ba ne, wurin aiki ne mai masu kula da shi, kuma a unguwar akwai gidan gyaran hali. Saboda haka kada ka ɗauki jaka da kyamara ka nufi sama cikin duhu kamar gidanku. Ka je da rana tun jajibere, ka yi sallama, ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Inda aka ce kada ka wuce, ka tsaya. Abin da aka ce kada ka ɗauka a hoto, ka bar shi. Ranar da na fara zuwa, wani dattijo da na samu a wurin ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya da sassafen nan?" Na ce, "Lafiya lau, Baba, fitowar rana na zo kallo." Ya yi murmushi ya ce, "To bismilla, amma ka tsaya ta nan gefen, can ba a shiga." Gefen da ya nuna mini ma ya fi inda na nufa kyau.

Wannan ɗawainiyar ta neman izini ita ce babbar nakasar Goron Dutse ga baƙo. Ribarta kuma ita ce shiru. Ba ka cika samun kowa ba, babu mai tsaya maka a gaba, babu mai tambayar ka ka ɗauke shi hoto. Mai son ya zauna ya yi azkar ɗinsa na safe har rana ta ɗaga ya yi walaha, zai fi samun natsuwa a can.

Dala ma yana da tasa nakasar, kuma ba zan ɓoye ta ba don ina ƙaunarsa. Zaizayar ƙasa tana cin gefunansa, duk damina sai ruwa ya yaga wani sashe, ga gidaje a ƙarƙashi. Akwai lungunan da aka mayar juji, akwai inda mutum zai toshe hanci ya wuce da sauri. Leda baƙa ta maƙale a kowace ƙaya. Tun 2007 Najeriya ta sa dutsen, tare da ganuwa da Kurmi da gidan Sarki, a jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma mu da muke kwana a gindinsa ba mu riƙe shi riƙon abin da ake alfahari da shi ba. Abin yana ci mini rai. Idan za ka hau, ka tafi da leda a aljihu, ka sauko da robar ruwanka da ta wanda ya riga ka. Kuma kada ka matsa bakin gaɓa don neman hoto, marmarar da ruwa ya ci ƙarƙashinta ba ta yin gargaɗi kafin ta zube.

Duk wannan kwatancen zai tashi a banza idan ka kuskure lokaci, don a Kano watan da ka hau ya fi dutsen da ka hau muhimmanci. Da yawa suna zaton lokacin sanyi ne ya fi dacewa saboda babu gajimare. Na taɓa yin wannan zaton. Wani Janairu na hau Dala, na sha rigar sanyi da hular kunne, iskar hunturu tana yanka fuska. Lokacin fitowar rana ya yi ya wuce, ba a ga komai ba sai farin hazo, ko Goron Dutse da ke kusa ya ɓace. Sai wajen ƙarfe takwas saura ta bayyana can sama, fara fat kamar wata, har kana iya zuba mata ido. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke ɗaukowa daga Sahara ita ke cika sararin sama daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a ƙasa-ƙasa inda rana ke ɓullowa ta fi kauri. A irin wannan rana Goron Dutse ya fi asara, domin duk ribarsa hange ne, hazo kuma hange yake kashewa. A Dala ko ba ka ga nesa ba, za ka ga unguwannin da ke ƙarƙashinka, za ka ji gari yana tashi. Don haka idan hutunka a hunturu ya faɗo, babu ma zaɓi, Dala za ka. Ka duba daren jajibere: idan taurari sun fito sosai, gobe da sauƙi, idan fitilun titi sun yi rawani da ƙura, ka yi kwanciyarka.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, asuba ce kaɗai lokacin da mutum zai so hawa dutse a garin da zafin rana ke haura digiri 40. Sama takan yi fari-fari, launin ba ya da zurfi, kuma minti talatin bayan fitowar rana gumi ya fara karyo maka. Damina caca ce. Wata safiyar hadari ya rufe gabas ruf, wata kuma, musamman idan an yi ruwa da dare ya ɗauke kafin asuba, za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Ruwa ya wanke ƙura, gajimare ya kama ja da ruwan goro, kududdufan cikin birni suna ƙyalli kamar an watsar da madubai, darbejiya da sauran itatuwa sun yi kore shar har ka yi mamakin yawansu a garin da ake cewa babu bishiya. Idan kuwa ka ga hadari ya haɗo da walƙiya, sauka za ka yi nan take, musamman a Goron Dutse mai dogayen ƙarafuna.

Ni a ganina babu kamar kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwa ya ja baya, hazo bai iso ba, ƙasa ba ta bushe ba, ga ɗan sanyin safe mai daɗi. A wannan tsakanin duka duwatsun biyu suna ba da abin da suke da shi.

Sai lissafin agogo. A Kano rana ta fi saurin fitowa a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, wajen ƙarfe 6:00. A Oktoba wajen 6:15 ne. Ta fi jinkiri a ƙarshen Janairu, wajen 6:50. Amma wanda ya isa sama daidai wannan lokaci ya makara, domin launin da ake nema yana zuwa ne minti ashirin zuwa ashirin da biyar kafin ƙwayar rana ta leƙo, kuma a ƙasarmu da ta leƙo ba ta ɓata lokaci, cikin 'yan mintoci ta fi ƙarfin ido. Tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Idan ka ce sai ka yi salla a unguwarku, a Hotoro ko Sharaɗa ko Rijiyar Zaki, sannan ka nemi abin hawa, rana za ta riske ka a titi, don adaidaita sahu ba su cika yawa kafin gari ya waye ba. Dabarar ita ce ka shirya da mai abin hawa tun dare, ka isa unguwar kafin a tayar da salla, ka bi jam'i a masallacin gindin dutse, ana sallamewa ka kama hanya. A nan ma Dala ya fi sauƙi, don daga sahu zuwa matakala 'yan takuna ne. Wannan dabarar tana da wata riba: mutanen unguwa sun gan ka a sahu, kun gaisa, ka zama baƙon da aka sani.

Wannan ya kawo mu maganar tsaro, wadda ba na son a yi wasa da ita. Ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a Kano, kuma wurin da babu jama'a cikin duhu ba wurin zuwa kai kaɗai ba ne, ko a wane dutse. Ku tafi ku uku ko huɗu, da ɗan unguwa a cikinku idan da hali. Waya ta zauna a aljihu har sai gari ya yi haske. Idan kun tarar da wasu zaune a sama, ku yi musu sallama, ku nemi gefenku. Mata su tafi da muharrami ko cikin ayari, kuma a gare su da yara da tsofaffi Dala nake ba da shawara saboda matakala, sai dai a riƙe hannun yaro tun daga ƙasa har a sauko. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya hau a sannu, babu wanda yake tsere da shi. Mai asma kuma ya haƙura da watannin ƙura.

Rana ɗaya ce a shekara da wannan lissafin duka yake rushewa, wato ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, lokacin da jama'a ke yin dafifi zuwa Dala, yara da 'yan mata cikin sababbin kaya, dutsen ya cika maƙil. Abin gani ne, kuma duk Bakano ya kamata ya shaida shi ko sau ɗaya. Amma mai neman shirun asuba ya zaɓi wata ranar.

Za a iya tambaya, to Magwan da Fanisau fa? Magwan yana cikin Nassarawa, gabas da tsohon birni, don haka idan ka fuskanci rana ka ba wa birnin baya. Fanisau kuma, inda Sarki Ibrahim Dabo ya yi gida kuma ake hawan salla zuwa can, duwatsunta suna arewa bayan filin jirgi, sun fi dacewa da mai son ganin gonaki da karkara. Duka suna da kyau, amma ba su ne amsar mai son ganin rana ta fito wa birnin Dabo ba.

Bayan saukowa ma akwai ɗan bambanci. Daga Dala kana gangarowa cikin lunguna ka faɗa kan masu koko da ƙosai da waina, kuma Jakara da gurasarta ba nisa. Idan da sauran ƙarfi sai ka zarce Kurmi ka ga ana buɗe rumfuna, ko ka nufi Gwammaja ka ga Gidan Mambayya inda Malam Aminu Kano ya zauna. Daga Goron Dutse kuma titin Aminu Kano za ka sauko, ka samu teburin mai shayi ka zauna, abin hawa kuma ba ya wuya.

Na gaya wa ɗan yayata cewa tunda bai taɓa hawa ko ɗaya ba, Dala zai fara. Ba don ya fi kyawun hoto ba, a wannan Goron Dutse ya yi gaba. Dalilina shi ne hangen Dala daga nesa ba ya yi wa mutum daɗi sai ya taɓa tsayawa a kansa, ya san matakalar, ya san abin da ake ji a can. Wanda ya riga ya sha hawan Dala tun yana yaro, ranar Takutaha ko da yamma bayan an tashi daga makaranta, shi nake tura wa Goron Dutse, don abin da ya rage masa shi ne ya ga dutsen da ya sani daga waje.

Jibin ranar muka yi sallar asuba a wani ƙaramin masallaci a gindin Dala, mu huɗu har da abokansa biyu. Watan Oktoba ne, raɓa ta jiƙa matakala. Muka isa sama shida saura kwata, gabas ta fara yin ruwan toka, sannan ja ya biyo baya ta wajen Fagge. Wani garken tattabaru ya tashi daga rufin wani soro, ya kewaya ƙarƙashinmu sau biyu, muna kallon bayan fukafukansu. Yaron ya ciro waya ya ɗaga, sai kuma ya mayar da ita aljihu. Da rana ta gama fitowa ya juya yamma, ya daɗe yana kallon Goron Dutse da haske ya rufe, sannan ya ce, "Kawu, can ɗin yaushe za mu?" Na ce idan Allah ya kai mu hutunsa na farkon damina, lokacin da rana za ta koma fitowa ta bayan inda muke tsaye.